Waƙar Baka a Faifai da Kaset: Zaɓin Wani Mai Saurare da Dalilansa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce in kawo waɗansu waƙoƙin baka na Hausa waɗanda nake ganin sun cancanci a zauna a saurare su, sa'an nan in faɗi dalilaina. Zaɓin nawa ne, kuma ban ɓoye ba, akwai son rai a ciki. Na san ba a saba jin haka a irin wannan taro ba. Abin da aka saba shi ne mai nazari ya ɗauko waƙa a rubuce, ya feɗe ta, ya fito da jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe. Wannan hanya, wadda malamai irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau suka share mana, ta yi wa fannin nan amfani mai yawa, ni ma da ita aka yaye ni. Sai dai da wuya ka ji mai takarda ya ce waƙa kaza ta fi waƙa kaza daɗi, balle ya faɗi inda daɗin yake. Da wuya kuma ya gaya maka wane ɗauka ya saurara, in har ya saurara ɗin.

Abin da ya sa na damu da wannan magana wani kuskure ne da na tafka da hannuna. Lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu, na sami wata waƙar fada a rubuce cikin ratayen wani tsohon kundi, na ɗauko ɗa guda daga cikinta na kafa hujja da shi a kan yabon sarki. Bayan an ɗinke kundin an ajiye, ran nan ina tsaye a rumfar wani mai tura waƙoƙi a waya cikin kasuwa, sai ga waƙar tana tashi. Da aka iso wannan ɗa, sai na ji jagora ya sassauta murya, kotso ya ɗan ja baya, 'yan amshi suka cafe da wata irin murya ta shaƙiyanci, mutanen da ke wurin ɗaukar kuma suka fashe da dariya. Ashe zambo ne ake yi wa wani ɗan sarki, ni kuwa na rubuta shi a babin yabo. Kalmomin da na karanta daidai suke, ba a canza ko ɗaya ba. Yau kuma ina koyar da ɗalibai waɗanda sukan ci jarrabawa a kan Narambaɗa alhali ba su taɓa jin muryarsa ba.

Ra'ayin da nake son in kare shi ne, dogaro da takarda bai tsaya ga jawo irin wannan kuskure kurum ba, har ma ya karkatar da ma'auninmu. Makaɗin da kalmominsa suke da nauyi a rubuce ya sami girma a wurinmu, wanda kuwa gwanintarsa take cikin murya da kiɗa da sanin lokacin shiga, mun rage masa mudu.

Na'urar ɗauka da abin da ta yi wa waƙa

Kafin a shiga waƙoƙin, ya kamata a tuna cewa abin da ya iso kunnenmu ya biyo ta cikin na'ura, kowace na'ura kuwa da iyakarta. Faifan garmaho na da, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowane gefe. Babban faifai mai juyi 33, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, ya kai minti 20 da 'yan kai a gefe guda. Kaset, wanda kamfanin Philips ya ƙago a 1963, shi ne ya buɗe ƙofa sosai, domin ana samun mai minti 30 ko 45 a gefe, ga arha, ga sauƙin kwafa. A tsakanin nan kuma gidan rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya ɗauki makaɗa da yawa ya kai muryoyinsu garuruwan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba.

Makaɗin fada a ƙofar ubangidansa ba ya duban agogo. Yana iya tsayawa kan ɗa guda ya maimaita shi sau uku don ya ga sarki ya murmusa, ko ya saƙa sabon ɗa don wani baƙo ya shigo. Ke nan in muka ji tsohuwar waƙa gajera, kada mu yi gaggawar cewa haka mai ita ya tsara ta. Mai yiwuwa ne faifai ne ya ƙare.

Narambaɗa da Ɗanƙwairo

Na fara da Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960. Shi ne makaɗin da takarda ta fi yi wa adalci, domin ɗiyansa cike suke da hikima da karin magana da siffantawa, har mutum yana iya karanta su kamar rubutacciyar waƙa ya ƙaru. Shi ya sa manazarta suka yi masa rubdugu, har Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa. Duk da haka, akwai abu biyu da suke salwanta in an rubuta shi.

Na farko karin harshe ne. Narambaɗa da Hausar Yamma yake waƙa, masu rubuta waƙoƙinsa kuwa sau da yawa sukan miƙe ta zuwa daidaitacciyar Hausa don sauƙaƙa wa ɗalibai. Ana ganin wannan ƙaramin gyara ne, amma ba haka ba ne. Alal misali, inda Bakano zai ce “da ya tafi”, mutumin Isa “da yat tahi” zai ce. A wajen Bakano gaɓar “ya” marar nauyi ce, a wajen Bagobiri kuwa “yat” gaɓa ce mai nauyi, tana cin lokacin gaɓa biyu marasa nauyi. Makaɗi da nauyin gaɓa yake auna tafiyarsa a kan kiɗa. Idan aka yi irin wannan gyara sau biyar ko shida cikin ɗa guda, to an rushe karin, sa'an nan wani ya zo daga baya ya ce ai waƙar baka ba ta da ma'auni tsayayye.

Na biyu shi ne kiɗan kansa. Waƙar da nake fara kunna wa duk wanda bai san Narambaɗa ba ita ce Dokin Iska Ɗanhilinge. Waƙar dokin sukuwa ce, sunan kuma yana nuni da Filinge ta ƙasar Nijar, an dai juya “f” ta koma “h” bisa al'adar karin Yamma. A rubuce, yabon doki ne da kushen dawakin da suka kara da shi. A kunne kuwa, kotsannin suna tafe da wani irin gudu marar gargada, murya tana bisa kamar mahayi, wani lokaci ta saki linzami ɗiya su zubo a guje, wani lokaci ta ja ta tsaya kan gaɓa guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin sukuwa zai gane abin da ake yi tun kafin ya fahimci kalmomin. Ɗaukar tsohuwa ce, akwai ƙara da shashshaka a cikinta, sai an yi haƙuri an ji ta sau biyu ko uku kafin kunne ya saba. Bakandamiyarsa ta fi ta zurfin magana nesa ba kusa ba, kuma zan komo kanta, amma ban taɓa ganin ta kama sabon mai saurare da wuri kamar waƙar dokin nan ba.

Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi ma da kotso yake, ya kuma gaji kiɗa daga mahaifinsa, ya yi zaman amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayari. Mutane sun fi saninsa da Mai Dubun Nasara ta Sardauna Ahmadu Bello, amma zaɓina a wurinsa Shirya Kayan Faɗa ce, ta 'Yandoton Tsafe Aliyu. Dalilina shi ne aikin 'yan amshi. A ƙungiyar Ɗanƙwairo amshi ba maimaita gindin waƙa ba ne kurum. Jagora yakan ɗauko ɗa ya kai shi rabi ya saki, 'yan amshi su tarbe su ƙarasa, wani lokaci su rabu biyu, waɗannan su ba waɗancan, kafin duka su haɗu su sauka a kan gindi. Watau ɗa guda yana iya ratsa baki uku kafin ya cika. Sau da yawa ma dafin habaicin a bakin 'yan amshi yake, jagora ya tsokano kurum ya koma gefe kamar ba ruwansa. To, mu kuwa in mun tashi rubutawa sai mu jera layukan reras a shafi, kamar mutum guda ne ya faɗe su. Waɗansu sukan sa “jagora” da “'y/amshi” a gefe, wannan ya fi babu, amma ba ya nuna inda muryoyin suka hau kan juna, wanda nan ne zaƙin yake. Irin wannan saƙa ba ta yiwuwa sai da doguwar bita da daɗewa tare, shi ya sa ake samunta a gidajen da kiɗa gado ne. Wanda yake son ya ji wani launi nata sai ya nemi Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ko Sa'idu Faru. Ba zan tsaya kansu ba don lokaci.

Shata

A nan ne nake ganin ma'auninmu ya fi karkata. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, bai rasa masu nazari ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Amma a zauren malaman adabi na sha jin ana cewa, a hankali dai don kada a ji, wai Shata farin jini ne ya yi masa yawa, in ana batun fasaha sai a koma Sakkwato. Na fahimci inda maganar ta fito. Ka rubuta waƙar Shata ka ajiye kusa da ta Narambaɗa, za ka ga ta Shata kamar ba kitse: gajerun layuka, sunayen mutane da garuruwa, maimaici, sai gindi yana dawowa ba ƙari ba ragi, domin 'yan amshinsa gindin kurum suke riƙewa.

Sai dai wannan tsari shi ne ya ba shi abin da makaɗan fada ba su da shi. Tun da 'yan amshi ba su jiran ya kawo wani shiryayyen ɗa su ƙarasa, yana da 'yancin ya ƙaga magana nan take, ya tsawaita, ya gajarta, ya saka sunan wanda ya shigo fili yanzun nan. Gindin da kalangai su ne turke, shi kuwa yana kewayawa iyakar tsawon igiyarsa. Gwanintarsa tana cikin sanin lokaci. Yakan yi jinkirin shiga har ka ce ya makara, sa'an nan ya dunƙule gaɓoɓi da yawa cikin ɗan taƙi ya dira daidai kan bugun da 'yan amshi za su karɓa. Yakan kuma yi shiru ya bar kalangu ya yi magana. Wannan ba adon baki ba ne, domin kalangu ana matsa tsarkiyarsa a hammata a sassauta, sautinsa ya hau ya sauka yadda karin sautin Hausa yake hawa da sauka, har wanda ya san take ya ji abin da ake faɗa. Rubutunmu na boko ko karin sautin maganar baki ba ya nunawa, balle na fata.

A gwada Bakandamiyar Narambaɗa da ta Shata. Ta Narambaɗa waƙar ubangida ce, yabon Sarkin Gobir ne ginshiƙinta, makaɗin ya raɓa a ciki ya yi bayanin matsayinsa da yadda yake ɗinka waƙa. Ta Shata kuwa kirarin kai ce tun daga farko, da labarin yawonsa da yadda ya gagari abokan sana'a. In a takarda ne, ba na jayayya, Narambaɗa ya yi gaba. Amma na kunna su duka biyu a aji ba sau ɗaya ba, kuma abin da nake gani shi ne, ana sauraren ta Narambaɗa da kai a sunkuye ana tunani, ta Shata kuwa kafin a yi nisa ƙafafu sun fara motsi ƙarƙashin benci. Ban yarda cewa na biyun nan ƙaramar fasaha ba ce don kawai ba mu da kalmomin auna ta.

Waƙarsa da na fi komawa gare ta a 'yan shekarun nan ita ce Dajin Rugu. Da can, sa'ad da nake jin ta a rikodar mahaifina, waƙar kwarjinin daji ce kawai, irin tsoron da yake da daɗin ji ga yaron da ke kwance a tsakar gida. Daga shekarun 2010, da wannan daji na yammacin Katsina ya zama maɓoyar 'yan bindiga, aka tashi ƙauyuka da dama na gefensa, sai waƙar ta sake nauyi. Na taɓa kunna ta a aji, wata ɗaliba daga wancan yanki ta roƙe ni in kashe. Shata bai canza kalma ko ɗaya ba, masu saurare ne suka canza, wannan kuwa wani fanni ne na nazari da ba a samunsa sai an kunna waƙa a gaban mutane. Ga mai son ganin faɗin hannunsa, sai ya haɗa da Na Tsaya ga Annabi Muhammadu, inda ya rage gudu ya natsu, da kuma waƙar Kumbo Apolo, wadda ya yi kan tafiyar Amurkawa duniyar wata a 1969.

Ɗanmaraya da Barmani

Adamu Ɗanmaraya Jos (1946 zuwa 2015) shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi, ba makaɗa, sai kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya guda wanda akan yi ƙoƙonsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Manazarta sun so shi don jigoginsa a fili suke: talaka da mai kuɗi, aure, halin ɗan'adam. Har ya zama in an ce a kawo misalin gargaɗi a waƙar baka, sai a ce Ɗanmaraya, kamar wani mai wa'azi. Ni abin da ke kai ni wurinsa daban ne. A saurari Gulma Wuya, a ji yadda yake sauya murya ya zama wannan ya zama waccan, yana kai gulma yana komo da ita, kuntigi yana cike gurbin da 'yan amshi za su cika, wani lokaci ma kamar yana yi wa mai maganar dariya. Wasan kwaikwayo ne na mutum guda. Waƙar Karen Mota kuma, wadda ta ɗaga yaron mota mai tura mota da cire taya ta ba shi irin yabon da aka saba ba masu sarauta, saurin kuntiginta shi ne rabin ma'anarta.

Wadda takarda ta fi zalunta ita ce Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Kiɗanta amada ne, da ƙore, har da wadda ake kifawa a kan ruwa, wurinta kuma taron mata ne na biki da suna. Ka rubuta Sakarai Ba Ta da Wayo, abin da za ka samu 'yan layuka ne ana ta juya su, har ka ce me za a nazarta a nan. Amma waƙar ba don a zauna aka yi ta ba. Maimaicin fili ne da aka bar wa masu rawa da masu guɗa da masu liƙi, Barmani tana jefa magana jefi-jefi, kowace jifa kuwa akwai wadda ta sama a cikin taron. A Kama Sana'a Mata ta fi samun shiga takardunmu don jigonta ya dace da abin da muke son mu ce. Ina jin tsoron mun zaɓe ta ne don ta yi mana biyayya. Haka nan muka yi wa makaɗan kukuma irin su Garba Sufa, da Haruna Uji mai gurmi, waɗanda rabin waƙarsu a yatsu take. Ɗan'anace ya tsira daga wannan don waƙarsa ta Shago tana da kalmomi masu tsoratarwa ko a rubuce, ko da yake wanda bai ji yadda kalangu ke ingiza ɗan dambe ba bai san dalilin da ya sa maza ke fita fili ba.

Wane ɗauka?

Saura magana guda, ita ce kuma roƙona ga wannan taro. Makaɗi ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya, musamman irin su Shata. Ina da Bakandamiyarsa kala uku a ajiye, ba biyun da tsawonsu ya zo ɗaya, akwai kuma ɗiyan da ke cikin wannan babu su cikin waccan. Idan na ce Shata ya faɗi abu kaza a Bakandamiya, wani malami ya ce bai faɗa ba, mai yiwuwa ne dukanmu muna da gaskiya. Abin ya ƙara rikicewa yanzu da waƙoƙin suka koma cikin wayoyi da intanet. An kwafo su daga kaset ɗin da ya riga ya saki, wani an yanke masa kai, wani gudunsa ya ƙaru har muryar dattijo ta koma ta saurayi, wani kuma an liƙa masa sunan makaɗin da ba shi ya yi ba. Na taɓa samun waƙar Sa'idu Faru an rubuta mata sunan Narambaɗa, ɗalibi kuma ya riga ya gina aikinsa a kanta.

Don haka ina roƙon duk wanda zai kawo takarda a kan waƙar baka ya faɗi ɗaukar da ya yi aiki da ita: a ina ya same ta, minti nawa ce, a ɗakin ɗauka aka yi ta ko a filin wasa, da kuma ko shi ya rubuta ta da kunnensa ko aro ya yi. Ina kuma roƙon masu shirya taro na gaba su tanadi na'ura da lasifika a zaure, a ba kowane mai takarda minti 5 daga cikin lokacinsa ya kunna abin da yake magana a kai. Na zo da waƙar dokin nan a wayata, in shugaba ya ba da izini sai mu ji ta kafin a shiga tambayoyi.